Rago Mai Tabo a Hanci

A garinmu Tarrabin, in ka ce Mervyn Trezise sai an tsaya ana tunanin wa kake nufi. Amma ka ce Merv Mai Rago, ko yaron da aka yaye jiya zai nuna maka gidan, na ƙarshe kafin rumbunan alkama, mai rufin kwano da tankin ruwan sama a jingine da shi. Ba shi kuwa da rago ko ɗaya. Rabonsa da dabba tun da gona ta bar hannunsa. Ragunansa duk na azurfa ne, suna kwance a cikin akwatunan katako a ɗakin baya.

Dogon mutum ne da shekaru suka tanƙwara, kullum da hula mai faɗin baki wadda gumi ya zana wa layi. Kunnensa na hagu ya mutu tun zamanin tarakta marar rufi, saboda haka in ya fara magana ba ya jin ka ce kana sauri. Mu dai mun san shi. Da ka hango shi a ƙofar gidan waya ya kai hannu aljihun gaban riga, ka nemi hanyar baya, in ba haka ba madarar da ka saya sai ta yi tsami a hannunka. Abin da zai zaro ɗan kwali ne mai taga, a cikinsa tsohon kuɗin da aka daina ci tun canjin 1966, taro ko sisi ko sule.

"Dubi taron nan," zai ce, ya kai maka shi har ƙarƙashin hanci. "Zangarniyar alkama uku, an ɗaure su da zare. Mutumin Landan ne ya zana su, bai taɓa shaƙar ƙurar girbi ba, shi ya sa ya yi su ɓul-ɓul haka. Da ya zo Tarrabin shekarar fari, wallahi kara zai zana."

In ka yi dariya ka ja wa kanka, don sisi na nan tafe. A jikin sisi akwai kangaru da jimina riƙe da garkuwa, Merv kuma zai gaya maka an zaɓe su ne don ba wanda ya iya tafiya da baya a cikinsu. Bayan sisi sai fataka, mai darajar sule biyu, wadda aka buga shekarar da sarauniya ta zo, zaki da kangaru tsaye kafaɗa da kafaɗa. A nan sai ka ji yadda aka kwashe su 'yan makaranta a jirgin ƙasa, aka jera su a rana tun safe, ƙarshenta ba abin da ya gani sai farar safar hannu ta tagar mota. Na ƙarshe shi ne sule, mai kan rago da murɗaɗɗun ƙahoni. Ragon da ya ci gasar dabbobi a Sydney ne aka zana, in ji shi, kuma ubansa ya taɓa yi wa jikan ragon aski da hannunsa. Ba mu taɓa ƙaryata shi ba, ba mu kuma taɓa gaskata shi ba.

Mutane sun ɗauka tsufa ne da zaman banza suka sa shi tara kuɗin da ba ya sayen burodi. Akwai wannan. Amma mafarin abin ba a akwatin katako yake ba, a kicin ɗin matarsa Beryl yake.

Beryl ce mai fudin, wato dafaffen kek ɗin Kirsimeti, da ya fi na kowa a gundumarmu, kuma ta san haka. Tun watan Nuwamba take haɗa gari da kitse da zabibi da ɓawon lemo a babban kwano, kowa na gidan ya zo ya juya sau ɗaya da muciya, ya yi fatansa a zuci. Sai ta ɗauko gwangwanin shayi daga saman kabad, ta tafasa kuɗin da ke ciki, ta cusa su a ƙullun: taro uku, sisi biyu, da sule ɗaya mai rago na shekarar 1941, shekarar da aka haifi Merv. A ɗaure a ƙyalle, a dafa yini guda, a rataye a ƙugiyar ɗakin wanki har ranar ta zo. Da aka canja kuɗi, matan garin da suka gwada sababbin sun ga fudin ɗinsu ya yi kore yana ɗanɗanon ƙarfe. Beryl ba ta yi wannan wautar ba. Ta riƙe azurfarta shida, shi ya sa ta kafa ƙa'ida a teburinta: duk wanda ya tsinci kuɗi a yankansa, sa'ar shekara tasa ce, amma kuɗin na gwangwani ne. Ya lashe, ya goge, ya miƙa mata hannu da hannu.

"Wanda ya mayar," takan ce, "ya yi alkawarin zama a teburin nan baɗi ke nan."

Ɗa ɗaya Allah ya ba su, Lindsay. Yana ɗan shekara bakwai ya kai wa yankansa wawan cizo saboda haɗama, sai aka ji ƙas. Gefen haƙorinsa na gaba ya ɓalle, sulen kuma ya fito da ɗan tabo a kan hancin ragon. Yaro na kuka, uwa na faɗa, Merv na dariya har da riƙe ciki, yana cewa rago ya tunkuyi Lin, Lin ya rama. Tun daga ranar ba a ƙara kiran sulen da wani suna ba sai ragon Lin.

Lindsay ya girma a gonar, ya bar makaranta don ita, ya yi shekara ashirin yana shuka da girbi a gefen ubansa. Sai dogon farin nan ya zo, wanda har yanzu ba ma son tuna shi. Shekara ta bi shekara sama ba ta ce komai ba. Madatsun ruwa suka tsage, aka harbe tumakin da ba mai saye, alkama ta tsaya iya idon sawu. A tsakiyar wannan Beryl ta kwanta ciwo. Ta lallaɓa ta haɗa fudin ɗinta a Nuwamba, a zaune, ta sa su biyu suka juya, aka rataye. Farkon Disamba muka kai ta makwancinta, Allah ya jiƙanta.

Abin da Lindsay bai sani ba shi ne, tun tana asibiti Merv ya sa hannu ya sayar da gonar ga wani kamfani da ke haɗiye gonakin yankin. Bai shawarci kowa ba. A ganinsa ceton yaron ya yi, kada ya binne ƙuruciyarsa a ƙura. Kuma da yake Merv ne, sai ya zaɓi ranar Kirsimeti, su biyu a tebur, fudin ɗin ƙarshe na hannun Beryl yana tururi a tsakaninsu, ya faɗa masa kamar mai ba da labarin farashin mai.

Lindsay bai ɗaga murya ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, shi ma ba mai yawan magana ba ne in ransa ya ɓaci. Ya ci gaba da tauna har cokalinsa ya bugi ƙarfe. Ragonsa ne. Ya lashe, ya goge a rigarsa, Merv ya miƙa tafin hannu bisa al'ada. Lindsay ya dubi hannun, ya jefa sulen a aljihunsa, ya ɗauki hularsa ya fita. Washegari ya loda kayansa a akori-kura ya nufi Mildura, inda ya kama aikin gyaran famfunan ban ruwa a gonakin inabi.

Merv ya dawo cikin gari, gidan nan na kusa da rumbuna. Da fari fushi ya yi, yana cewa duk wanda ya tafi da ƙafarsa ya san hanyar dawowa. Amma da watanni suka ja, wani tunani ya shige shi ya hana shi sakat. Yaron bai mayar da sulen ba, gaskiya ne, amma bai kuma jefar a kan tebur ba. Ya tafi da shi. Muddin yana hannunsa, to bashin tebur na kansa, wata rana zai kawo. In kuwa ya rabu da shi, magana ta ƙare ke nan. Wannan ita ce tambaya ɗaya da Merv ya rayu da ita shekara da shekaru: yaron na riƙe da ragon, ko ya yar?

Mutum mai hankali waya zai ɗauka ya tambaya. Girman kai kuwa rawanin tsiya ne, kuma Merv ya naɗa nasa har kunne. Sai ya bi ta bayan gida. Ya bincika ya gano cewa a duk Mildura mutum ɗaya ne ke sayen tsohuwar azurfa, wani Enzo, ɗan masu gonar lemo da ya ƙi noma. Duk abin da aka kai masa wanda ya goge ko ya lotsa, a bokiti yake zubawa, ya kawo kasuwar tsofaffin kuɗi da ake ci sau biyu a shekara a zauren wata coci, abin da bai shiga ba a aika a narke. Merv ya fara zuwa. Tafiyar awa uku ce, ya tashi da asuba da shayi a fulas, ya isa kafin a buɗe ƙofa, ya wuce teburan masu ƙyalƙyali kai tsaye zuwa bokitin Enzo. Ya ja kujera, ya fito da gilashinsa mai ƙara girman abu, ya tsince duk sulen da ke da rago, ya dubi hancin kowanne.

Don kada a ce ya zo ya ɓata wa mutum lokaci, kowane zuwa sai ya sayi biyu ko uku. Haka akwatunan suka fara cika. Daga baya ya so su don kansu, ya koyi shekarunsu, ya san waɗanda aka buga kafin ƙarshen yaƙi sun fi azurfa kuma sun fi daɗin ƙara in an sake su a kan katako. Ya san ba a wanke tsohon kuɗi, ba a kama shi sai ta gefe. Amma duk wannan riba ce a kan uwa.

"Tsoho, ka zo ƙidayar tumakinka?" Enzo kan tare shi. "Shekara nawa kana leƙa hancin raguna, likitan dabbobi ne kai?"

"Rufe mini baki, ɓarawon zaune. Ka dai ajiye mini masu rago, kada ka narka ko ɗaya sai na gani."

"Me kake nema ne wai? Faɗa mini in taya ka. In kuskuren bugu ne mai tsada, mu raba."

"In na gan shi zan sani."

"Kai da kangarun jikin sisi uwa ɗaya uba ɗaya. Ba ku san baya ba."

In ya kai ƙasan bokiti bai ga tabon ba, Merv kan miƙe yana fito. Enzo ya daɗe yana mamakin mutumin da ke murna don ya rasa abin da ya zo nema. Merv ya sayi gurasar nama a bakin hanya, ya ci a mota, ya dawo gida da sauƙin zuciya na wata shida. Sau da yawa ya bi ta bakin layin da Lindsay yake, bai taɓa karya kan mota ya shiga ba.

Fudin kuwa bai fasa ba. Kowace Nuwamba ya ɗauko kwanon Beryl, ya haɗa yadda ya ga tana yi, ya juya sau ɗaya don kansa, sau ɗaya don wanda ba ya nan. Taro uku, sisi biyu. Da raguna sama da abin da zai iya tunawa a ɗakin baya, bai taɓa sa wani a madadin na Lin ba. Ranar Kirsimeti, rana na dukan kwano, ƙudaje na bin tagar waya, ya zauna shi kaɗai ya yanka. Fudin ɗin mutum takwas ne, sai ya yi mako biyu yana ci, yana tsintar kuɗin ɗaya bayan ɗaya. Duk sa'ar gidan ta zama tasa. Ya lashe, ya goge, ya sa a gwangwani da hannunsa, don ba wanda zai miƙa wa. Ni dai ban san abin da ya fi wannan ban tausayi a garinmu ba, kuma garinmu bai rasa abin tausayi ba.

Maƙwabciyarsa Dulcie, wadda ta yi makaranta da Beryl, ita kaɗai ce ke iya faɗa masa magana. Wata shekara ta leƙo ta kan shinge ta gan shi yana shanya ƙyallen fudin.

"Merv, bana ma kai da ƙudaje za ku ci? Zo wurinmu mana, 'ya'yana na zuwa da nasu, kujera ɗaya ba za ta gagara ba."

"Na gode, Dulcie. Gidan ba ya zama ba kowa ranar nan."

"Don wa? Shekara goma kana gadin ƙofa. Ɗauki waya ka kira yaron nan. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"Me kika ce?" Ya juya mata mataccen kunnen.

"Ka ji ni sarai, tsohon banza. Da Beryl na nan da muciyar nan za ta kwaɗa maka."

Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce mai nema yana tare da samu. A kasuwar ƙarshen Oktoba, shekara ta goma sha ɗaya, Merv ya zauna gaban bokiti kamar kullum. Zauren cike da tsofaffi irinsa, fanka na juyawa, matan coci na sayar da shayi a kusurwa. Ya yi nisa, ya kusa rabi, sai ya ɗago wani da ya yi baƙi-baƙi. Bai ma kai gilashi ido ba. Babban yatsansa ne ya fara gane shi, ɗan ramin nan a kan hanci. Ya duba shekarar, 1941.

Ya daɗe zaune da shi a tafin hannu. Enzo ya gama da wani mai saye ya juyo da zolayarsa a baki, ya ga fuskar tsohon, ya haɗiye ta.

"Merv? In kawo ruwa?"

"Wa ya kawo maka wannan?"

Enzo ya karɓa ya juya shi. "Wannan lotsattsen? Na tuna shi, don abin ya ba ni mamaki. Wani mai gyaran famfo ne, dogo, da ɓallen haƙori a gaba. Shi kaɗai ya kawo, ya ajiye a kan kanta. Na ce bari in auna, ya ce in barshi, ya fita. Ko kwabo bai karɓa ba." Ya sake duban Merv, tsawon, kafaɗun. "Kai. Tsoho, naka ne?"

"Nawa zan ba ka?"

"Haba. Ɗauki abinka."

Ran nan ba fito, ba gurasar nama. Da a ce yaron matsuwa ce ta sa ya sayar, da Merv ya sami inda zai rataya zuciyarsa. Amma kyauta ya bayar don a narke. Merv ya tuƙa awa ukun nan tsakanin gonakin alkamar da ta fara yin ja, bai ga ko ɗaya ba. Ya isa gida ya buɗe gwangwanin Beryl ya saki sulen a ciki. Taro uku, sisi biyu, sule ɗaya. Shekara goma sha ɗaya ke nan rabon da su cika shida, kuma bai taɓa ganin abin da ya ƙi jinin gani kamar cikarsu ba. Ya zauna a kujerar kicin ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza.

Mako biyu ba mu gan shi a gidan waya ba. Har mun fara kewar taro da zangarniyarsa. Dulcie ta ce tana jin motsinsa, yana dai raye.

Da Nuwamba ta kama, ya ɗauko kwanon. Ya ce a ransa na ƙarshe ne, a yi shi a cike yadda mai shi ta bari. Ya tafasa kuɗin, ya cusa taro, ya cusa sisi. Da ya zo kan sulen sai ya tsaya da shi a hannu, ƙullu na ɗiga daga yatsunsa. In ya sa shi, shi zai tsince shi, ya lashe, ya mayar wa kansa. Ke nan ya karɓi abin da yaron ya yar, ya sa hannu a kan rabuwar. Ƙa'idar Beryl kuwa ba ta ce sai a gidan nan za a yanka ba. Abin da ta ce kawai, wanda ya tsinta shi zai kawo.

Ya sa yatsa ya zaƙulo taro da sisin duka ya mayar gwangwani. Ragon kaɗai ya tura tsakiya, ya ɗaure ƙyallen.

Ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti, girbi na tsaka, manyan motoci na layi a bakin rumbuna, ya sauko da fudin ɗin daga ƙugiya. Ya zaunar da shi a kujerar gaba ya ɗaura masa bel kamar mutum. Duk tsawon hanya yana shirya jawabi: fari, banki, ciwon uwarsa, abin da kowane uba zai yi. Jawabin ya yi kyau ƙwarai, har ya maimaita shi sau da yawa. Wannan karon da ya zo bakin layin ya karya kan mota.

Lindsay na tsakar gida, durƙushe kan wani famfo da ya wargaza. Ya miƙe yana goge hannu da tsumma. Furfura ta cinye masa kai, abin da Merv bai shirya wa ba ke nan, a zuciyarsa yaron bai wuce arba'in ba. Suka tsaya, ƙyauren shinge a tsakaninsu.

"Baba."

"Lin."

Wani kare ya yi haushi a maƙwabta har ya gaji.

"Lafiya dai? Wani ya mutu?"

"Wa ya rage da zai mutu in ba ni ba? Ga ni kuwa a tsaye." Ya ɗaga ƙunshin ta igiyarsa ya tsallakar da shi kan ƙyauren. "Karɓi."

Lindsay ya dubi ƙyallen. Ya san shi, har da ƙunar da ke gefe ɗaya. "Fudin? Baba, likita ya hana ni zaƙi. Sukari gare ni."

"Wannan gadon uwarka ne, ba ruwana. Ban ce ka cinye ba, ka dai yanka. A hankali, ka ji? Haƙori ɗaya ya isa."

Hannun Lindsay ya tafi bakinsa bai sani ba. Fuskarsa ta canja, ya kawar da kai wajen famfon.

"Wurin Enzo ka samo shi."

"A bokiti."

"Ni na kai masa. Ba sata aka yi ba, ba ɓata ya yi ba. Kullum na ja aljihun tebur yana kallona, na gaji." Ya juyo. "Shekara ashirin na yi a gonar nan, Baba. Ko tambayata ba ka yi ba."

Ga ƙofar jawabi ta buɗe. Fari, banki, ciwo, duk suna jere a bakin Merv. Ya dubi furfurar ɗansa, sai ya ji ba ɗaya daga cikinsu da zai iya ɗaga murya ya faɗa.

"Ban tambaye ka ba," ya ce. "Ya kamata in tambaye ka."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma wanda ya san Merv ya san ya fi masa sayar da gonar wuya. Ƙunshin ya yi masa nauyi, bai sauke ba.

"Ka san ƙa'idar uwarka."

"Na sani."

"To."

Lindsay ya tsaya har Merv ya fidda rai. Sannan ya miƙo hannu mai baƙin mai ya kama igiyar. Ya shiga gida da fudin ɗin, ya fito da kofin ruwan sanyi. Bai buɗe ƙyauren ba.

"Sha kafin ka kama hanya. Rana ta yi."

Merv ya sha a tsaye a waje, ya miƙa kofin, ya gyara hularsa. Ba wanda ya ce sai yaushe.

Kirsimetin bana ba fudin a teburin Merv, karo na farko tun aurensa. Ƙugiyar ɗakin wanki na lilo ba komai. Ya ci burodi da sanyayyen nama, ya ja kujera bakin ƙofa inda ake hango hanyar Mildura. Motocin 'ya'yan Dulcie suka zo, suka tafi. Waya ba ta yi ƙara ba. Da rana ta faɗi ya shigar da kujerar. Sabuwar shekara ta zo ta wuce haka. Janairu, Fabrairu, shiru. Ya dawo ƙofar gidan waya da kwalayensa, muka koma bin hanyar baya, sai dai mun lura ya daina ba da labarin kangarun da bai iya tafiya da baya ba.

Kasuwar Maris ta zo, lokacin da ake shanya inabi a Mildura, garin duk yana ƙamshin zabibi. Merv ya tashi da asuba da shayinsa a fulas. Enzo ya hango shi tun daga ƙofa, bai ce masa likitan dabbobi ba. Ya ja masa kujera da kansa, ya turo bokitin da ƙafa.

Merv ya fito da gilashi. Aikin ya ɗauke shi har bayan azahar. Ya tsince masu rago, ya shafa hancin kowanne da babban yatsa, ya duba, ya ajiye gefe. Masu tebura suka fara naɗe kaya, matan coci suka wanke kofuna. Ya kai ƙasa, ya karkata bokitin wajen haske, ya shafa gindinsa da tafin hannu.

"Duk ke nan?"

"Duk ke nan, tsoho."

"Ba wanda ka aika aka narke? Ba wanda ya rage a kanti?"

"Tun Kirsimeti ban aika ko ɗaya ba. Kuma mutuminka bai zo ba. Da ya zo da na gane shi."

Merv ya naɗe gilashinsa ya miƙe, ya manta ma bai sayi komai ba. Enzo ya ce ya ji fiton tun kafin ya kai ƙofa, siriri, yana yankewa, amma fito ne.

A hanyar fita gari ya tsaya a wata rumfar bakin titi inda ake sayar da sabon zabibi. Matar ta ɗauko ƙaramar leda, ya girgiza kai ya nuna babbar. Ta ce masa ai Nuwamba da sauran nisa, ya juya mata mataccen kunnen. Ya ɗora ledar, wadda ta fi ƙarfin cikin mutum ɗaya, a kujerar gaba, ya kama hanyar Tarrabin.